Labarin kifin Norwe

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, ya su Inna da yara?

Ka tambaye ni ko da gaske ne kifi a nan araha yake kamar banza. Ina! Akwai shi kam, amma da kuɗinsa. A kanti wani kifi da ake kira salmon ya fi yawa, a yanke, an zare ƙaya, an manna kwanan wata a jikin leda. Ba tayi, ba gyara. Kusan duk na kiwo ne. Manyan kejin raga ake girkawa a cikin teku, a riƙa harba wa kifin abinci ta bututu, ma'aikaci na zaune a ofis yana lura da su ta kyamara. Kusan rabin salmon ɗin da ake kiwo a duniya daga nan yake fita. Tsabta sai wanda ya gani, amma wajen ɗanɗano ko kusa bai kama ƙafar bandar tarwadar Yawuri ba.

Abin da ya addabi masu kiwon shi ne kwarkwatar kifi. A kejin take hayayyafa, sannan ta maƙale wa ƙananan salmon na daji masu gangarowa daga koguna, ta kashe su. Shi ya sa tun 2017 aka kasa gaɓar tekun gida 13, kowane yanki da launinsa. Wanda ya sami kore ya ƙara kiwo da kashi 6 cikin ɗari, wanda ya sami ja ya rage kashi 6. Masu kamfanoni sai gunaguni suke, balle da aka ɗora musu ƙarin harajin kashi 25 a 2023. Ni a ganina dokar ma ta yi musu sassauci, tunda a 2024 sai da hukuma ta hana kamun salmon a koguna 33 saboda na dajin ya yi ƙaranci.

Jiragen fito kuwa da yawansu batir ke jan su, tun da aka fara da mai suna Ampere a 2015. Ana lodin motoci ana cajinsa, ba hayaƙi, ba warin gas.

Busasshen kifin nan mai tauri da 'yan kudu ke sayarwa a Sabon Gari, da yawansa daga nan ne. A tsibiran Lofoten ake rataye shi a kan katako daga wajen Fabrairu, iska da sanyi su busar da shi ba gishiri, kawunan kuma Najeriya ce babbar kasuwarsu. Kamfanoni sun daɗe suna kwaɗayin haƙo mai a ruwan yankin, har yau ba a ba su izini ba, don can ne irin kifin da ake busarwa ke zuwa ya saki ƙwai.

A gaida kowa da kowa.