Wasiƙa daga gindin dutsen Zugspitze

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso, na saurare shi har sau uku. Ka ce in faɗa maka yadda zaman nan yake tsakani da Allah, ba irin na hoto ba, tunda Auta ya ƙwallafa rai sai ya zo, har yana maganar sayar da Keke Napep ɗinsa. To ga shi, ka karanta masa a gaban Inna.

Garin da nake sunansa Garmisch-Partenkirchen, a jihar Bavariya, can ƙuryar kudancin Jamus dab da iyakar Ostiriya. Mutanensa ba su kai 30,000 ba. Asalinsa garuruwa biyu ne, gwamnatin Hitler ta haɗe su a 1935 saboda gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a nan a Fabrairun 1936. Tun daga lokacin garin ya zama na wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. An yi gasar cin kofin duniya ta wannan wasa a nan a 1978, aka sake a 2011, kuma duk ranar 1 ga Janairu ana gasar tsalle a filin da aka yi Olamfik ɗin. A 2025 na samu hutun rabin yini na je na gani da idona. Mutum zai sulalo daga saman wata doguwar hasumiya, katako biyu ɗaure a ƙafafunsa, ya tashi sama kamar shirwa, ya shafe mita 130 ko 140 kafin ya dira. Wani matashi ɗan Ostiriya, Daniel Tschofenig, shi ya ci. Ni dai salati nake ta yi har aka tashi.

Abin da damina take ga manomin Gezawa, shi dusar ƙanƙara take ga mutanen nan. Mai otal ɗin da nake aiki a kicin ɗinsa, tun watan Nuwamba kullum da safe sai ya tsaya bakin taga yana kallon duwatsu, daidai yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake tsayawa ƙofar gida yana duban gabas ko hadari ya haɗo. In ta sauka, ɗakuna sun cika, masu hayar takalman zamiya sun samu, direban bas ya samu, ni ma mai wanke tukwane na samu ƙarin awoyi. In ta yi jinkiri, sai ka ga fuskoki sun ɗaure. Shekarun nan kuwa tana yawan yin jinkiri, don ɗumamar yanayi ta iso nan ma. A 2022 masana suka ce ɗaya daga cikin daskararrun ƙanƙarar saman dutsen, wadda ta daɗe ba ta narkewa ko da rani, ta zaizaye har ba za a ƙara lissafa ta ba. Sai suka koma noman rani irin nasu. Sun haƙa tafkuna a jikin dutse suna tara ruwa, sun binne bututu, in dare ya yi sanyi sosai sai injuna su riƙa fesa ruwan yana zama dusa kafin ya taɓa ƙasa. Duk lokacin da na ji rurinsu da asuba sai in tuna magudanan Kadawa.

Dutsen da ke saman garin shi ne Zugspitze, mita 2,962, babu wanda ya kai shi tsawo a Jamus. Ya ɗara Chappal Waddi na Taraba, wanda shi ne mafi tsawo a Najeriya, da sama da mita 500. Sau ɗaya na hau, don kuɗin tikitin ya haura yuro 50. Akwai jirgin ƙasa mai haƙora da ke hawa tun 1930, akwai kuma motar igiya da aka buɗe a Disambar 2017, daga bakin tafkin Eibsee. Ita na shiga. Ɗaki ne na gilashi rataye da waya, yana ɗaukar mutum 120, ginshiƙi ɗaya tak ke tallabe da wayar a tsakiya, tsawonsa mita 127. Cikin minti 10 muka tashi kusan mita 2,000. Kunnuwana suka toshe, itatuwa suka koma kamar ciyawa, sannan suka ɓace, ba ka ganin komai sai fari. A can sama na tarar da ɗan ɗakin salla da suka gina wa baƙi Musulmi, yawancinsu Larabawa masu yawon buɗe ido. Na yi azahar a ciki, hannuwana na rawa don sanyi, raina kuwa fari tas.

Abin da ya fi tsaya min a rai game da motar nan, Yaya, shi ne duk shekara akwai kwanakin da ake rufe ta a duba kowane ƙarfe, alhali lafiyarta ƙalau. Ana sanar da ranakun tun da wuri, kuma ba a ɗagawa don wani babba zai zo. Haka famfo, haka wutar lantarki, haka titi. Shekara uku ina nan ban ga an ɗauke wuta ba. Ruwan famfo nake sha kai tsaye. In dusa ta kwana tana zuba, kafin in fita aiki motoci sun share titi, kuma doka ta ɗora wa kowane mai gida share gaban gidansa, in wani ya zame ya karye shi za a tuhuma. Na tuna rijiyar burtsatsen unguwarmu da ta tsaya saboda ƙarfen da bai kai kuɗin buhun masara ba, ta shekara biyu a haka. Ba su fi mu hannu ba. Makaniken Kofar Ruwa zai tayar da injin da Bature ya riga ya jefar. Su dai ba sa jira sai abu ya mutu.

Amma duk wannan da kuɗinka ne. Mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 12.82 ne a awa. Na san Auta zai buga shi da naira ya ce na zama Alhaji. Kafin kuɗin ya shigo hannuna an cire haraji, an cire inshorar lafiya, an cire fansho, an cire na rashin aiki. Hayar ɗaki a garin masu yawon buɗe ido wuta ce, don mai gida ya gwammace ya ba baƙon mako guda. Ɗan ɗakin da nake ciki yana cin kusan rabin abin da ya rage. Kowane gida yana biyan yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin, ko kana kallo ko ba ka kallo. Tikitin wata na bas da ƙananan jiragen ƙasa yuro 58 ne a 2025, shi kam ya yi araha tunda ko'ina a ƙasar yana aiki, ko da yake jirgin ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Ga rigar sanyi, ga takalmi, ga safar hannu, waɗanda ba ado ba ne, rai ne. Sannan aikin na kaka ne. In dusa ta narke a Afrilu, ko kuma a Nuwamba kafin ta sauka, gari sai ya yi tsit, a rage mana awoyi.

Madara, burodi, taliya, dankalin turawa da man shanu suna da sauƙi a kantuna irin su Aldi da Lidl. Ko robar lemo ba a yar da ita, ka mayar a ba ka santi 25. Abin da ke da tsada shi ne hannun mutum. Zif ɗin rigar sanyina ya lalace, na kai gyara, kuɗin da aka faɗa min ya kusa na sabuwa. A gida tela mai yawo da keke a kafaɗa zai gyara shi kana tsaye, ku rabu da godiya. Aski sai ka nemi rana. Likita, da katin inshora ba a tambayarka ko sisi, amma ganin ƙwararre sai ka jira makonni.

Abinci kuwa gida ya fi, nesa ba kusa ba. Naman halal mai kyau sai na shiga jirgi na tafi Munich, tafiyar awa ɗaya da minti 20, wajen shagunan Turkawa da Larabawa da ke kusa da babbar tasha. Can nake samun manja da busasshiyar kuɓewa a shagon 'yan Afirka, doya ɗaya sai ka juya ta sau biyu kafin ka saya. Tumatirinsu ja ne jawur, ba shi da ƙanshi. Ƙarfe 8 na dare kantuna sun rufe, ranar Lahadi ba sa buɗewa sam. Babu mai shayi a bakin layi, babu mai tsire, babu mai kantin da zai rubuta maka bashi zuwa ƙarshen wata. A watan Disamba ƙarfe 4 da rabi rana ta faɗi. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu bara, magani yana nan, ɗaki da ɗumi, amma ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce sannu.

Don haka ka faɗa wa Auta kada ya sayar da kekensa, kuma kada ya saurari mai ce masa akwai hanya ta Agadas da teku. Ina aiki da waɗanda suka biyo ta, sun ba ni labarin waɗanda suka baro a hanya. In da gaske yake, ya fara koyon Jamusanci, ya ci jarrabawa har matakin B1, wato matsakaicin mataki, a cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci da ke Legas. Otal-otal ɗin nan suna neman masu koyon girki da aikin baƙi, horon shekara uku ne, ana biyanka kana koyo, kuma da biza ake shigowa. Kuɗin makarantar Jamusancin ni zan ɗauka.

In an samu mai zuwa, Inna ta ƙullo min kuka, daddawa da yajin nan nata mai citta. Kada a sa kilishi, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama a jaka, a filin jirgi za su karɓe. A gaida yara. Sai na ji daga gare ka.

Ƙaninka.