Makirufon kai mara waya: sharhin mai koyar da rawa bayan wata shida

Na shafe shekaru ina koyar da rawa da muryata kawai, ina ƙirga taku daga ɗaya zuwa takwas a kan kiɗan da ke tashi daga lasifika, har ta kai ga kowane ƙarshen mako muryata takan dushe, in wayi gari ina magana da kyar. Likitan da ya duba maƙogwarona ya ce irin wannan tilasta wa murya ne ke haifar da ƙananan ƙulluwa a jijiyoyinta, matsalar da ta fi addabar malamai da mawaƙa, kuma ya bayyana mini cewa ba da gangan nake ihu ba. Duk mai magana a cikin hayaniya yakan ɗaga murya ba tare da ya sani ba, abin da wani likita ɗan Faransa mai suna Lombar ya yi rubutu a kansa tun 1911. Shawararsa ce ta sa na sayi makirufon da ake saƙalawa a bayan kai, bakinsa ya zagayo ta kumatu, tare da ƙaramin akwatin da ake maƙalawa a ƙugu da na'urar karɓa da ake jonawa da lasifika.

Wanda na fara saya yana aiki ne da Bluetooth, kuma ban kai mako guda da shi ba na mayar. Laifinsa ɗaya ne, amma ga mai koyar da rawa babu laifin da ya fi shi: murya tana isa lasifika a makare. Kiɗan da ke da bugu 120 a minti yana ba kowane bugu rabin daƙiƙa ne kacal, yayin da jinkirin Bluetooth kan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wato kusan rabin bugu. Ni ina cewa "biyar" a daidai lokacinsa, ɗalibai suna jinsa bayan bugun ya wuce, sai ƙafafunsu suka rasa wanda za su bi tsakanin kiɗa da malaminsu. Wanda nake da shi yanzu yana aiki da zangon rediyo na UHF, kuma kunne ba ya kama wani jinkiri a cikinsa. Duk wanda zai saya domin ajin rawa, wannan ne abin da ya kamata ya fara tambaya kafin ya dubi launi ko nauyi.

Ta fuskar abin da aka saye shi dominsa, ya cika alkawari. Ina magana kamar yadda zan yi da mutumin da ke zaune kusa da ni, kuma ɗalibar da ke layin ƙarshe tana ji sarai, ko da na juya baya ina fuskantar madubi ina nuna taku. Dushewar muryar ta tafi cikin makonni kaɗan. Batirinsa yana kai ni ƙarshen darussan yini idan na caje shi da dare, maƙalin kan kuwa ba ya zamewa lokacin juyi, sai dai yana matsa bayan kunne idan an daɗe. Soson bakinsa yana shan gumi, don haka sai an riƙa wanke shi ana ajiye na canji. Ɗakin rawa kuma wuri ne mai madubai da daɓe mai tauri, inda sauti ke karo da bango ya dawo, saboda haka idan na matsa kusa da lasifika takan saki wata ƙara mai huda kunne, har sai da na mayar da ita kusurwar da ba na zuwa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda na'urar ta tona mini asirin yadda nake koyarwa. A da, tsadar magana ce ke taƙaita ni. Tunda kowace kalma sai na yi mata ihu, nakan zaɓi uku ko huɗu in bar sauran ga jiki. Da magana ta yi araha, sai na fara zuba bayani kamar ruwan sama: gwiwa ta lanƙwashe, kafaɗa ta sauka, a ɗaga haɓa, a tuna da numfashi, duk a cikin ƙirga takwas guda. Wata rana na ɗauki darasin a bidiyo domin in duba tsayuwar ɗalibai, sai na tarar muryata ba ta tsaya ba ko na minti ɗaya, su kuma idanunsu suna kan bakina maimakon ƙafafuna. Mai koyon sabon motsi ba ya iya riƙe gyara fiye da ɗaya yayin da yake ƙoƙarin bin kiɗa, kuma na san haka tun kafin in sayi komai, amma lasifikar ta sa na manta. Yanzu nakan nuna takun sau biyu ban ce uffan ba, in ba da gyara guda, sannan in bar su su maimaita har kiɗan ya zagayo kafin in sake buɗe baki.

A nan ne kuma babban aibin na'urar ya bayyana, domin maɓallin kashe murya yana jikin akwatin ƙugu ne, ta baya, ƙarami, ba ya samuwa da lalube cikin sauri. Akwai gyaran da na kowa ne, akwai kuma wanda ake raɗa wa mutum ɗaya a kunne. Na taɓa matsawa kusa da wani ɗalibi mai yawan kunya na gaya masa a hankali cewa yana riga kiɗa, na manta makirufon a buɗe yake, sai ɗakin gaba ɗaya ya ji. Bai sake tsayawa a layin gaba ba sai bayan makonni. Laifin nawa ne, amma da maɓallin yana kusa da kumatu da hakan bai faru ba. Haka nan makirufon yana ɗaukar sautin haki, ta yadda bayan tsalle mai tsawo kowa yana jin numfashina sai na ɗan karkatar da bakinsa gefe.

Ga malamin da ke da aji babba da kiɗa mai ƙarfi, ko wanda muryarsa ta fara gajiya, ina ganin makirufon ya cancanci saya, muddin na UHF ne kuma an gwada inda maɓallin kashewa yake kafin a biya. A ƙaramin ajina na mutum shida kuwa ina barinsa a cikin jaka, in rage kiɗa, in yi tafi a kan bugun farko.