Kamfanin da ya share mana filin tsohon kamfanin fata: yabo da ƙorafi

Jama'a da yawa sun yi ta tambayata a kan kamfanin da ƙungiyarmu ta ma'aikata ta ɗauka ya gwada mana ƙasa ya kuma share filin da muka saya, to bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya gani. Ba zan kama sunansu ba don akwai ƙorafi a ciki.

Filin dai tsohon kamfanin fata ne a nan Kano, irin waɗanda suka rufe tuntuni gari ya yi ta matsowa har gidaje suka zagaye su. Niyyarmu a rushe a yanka fuloti-fuloti kowa ya gina nasa. Duk wanda ya san Sharada da Challawa da Bompai ya san kalar ruwan da ke fitowa daga kamfanonin fata da kuma warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai, wannan warin na sinadarin cire gashi ne da ake haɗawa da farar ƙasa, amma abin da ya fi damuwa shi ne kuromiyam da ake jeme fatar da shi, don shi ƙarfe ne, baya ruɓewa baya ƙonewa, inda aka zubar da shi nan zai zauna ko shekara nawa aka yi. Wasu a cikinmu cewa suka yi a zuba jar ƙasa kawai a daddaɓe a wuce wurin, wai kuɗin gwaji asara ne. Alhamdulillahi masu cewa a gwada suka fi yawa.

Inda suka burge ni sosai shi ne farkon aikin. Injiniyan da ya jagoranci tawagar bai fara da haƙa ba, sai da ya nemo wani dattijo da ya taɓa gadi a kamfanin fatar, ya zauna da shi yana Baba ina ramin da ake tara ruwan jima, Baba ina ake ƙona guntun fata, ina tankin dizal ɗin janareta yake. Da bayanin Baban suka zana taswira suka kakkafa turaku, kuma wallahi duk inda ya nuna nan aka samu matsalar. Suna da wata na'ura ta hannu kamar diraya ta busar da gashi, XRF suke ce mata, a ɗora bakinta a kan ƙasa cikin ɗan lokaci ta nuna yawan ƙarfen da ke ciki. Injiniya bai ɓoye mana ba ya ce na'urar tana faɗin jimlar kuromiyam ne kawai, ba ta rarrabe nau'i na uku da ake jima da shi da nau'i na shida wanda shi ne ke jawo cutar kansa, kuma ƙona guntun fata yana iya mayar da na ukun ya koma na shida, shi ya sa dole sai da suka tura samfur zuwa lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Irin wannan gaskiyar ita ta sa na yarda da su, wani zai nuna maka lamba a allo ne kawai ya karɓi kuɗinsa.

Ranar da suka buɗe tsohon ramin ina wajen. Sama ƙasa ce busasshiya har ciyawa ta fito, yara ma suna buga ƙwallo a gefe, amma da eskabeta ta nutsa sai ga wani laka shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, da danshinsa a tsakiyar rani, yana manne wa haƙoran bokitin. A kan wannan ne aka so wani ya yi tsakar gida, matarsa ta shuka zogale da alayyafo, yaro ya yi rarrafe yana kai hannu baki. Wanda yake ganin ina zuzutawa ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, kuma maganin da aka yi wa ƙasar shi ne dai wannan, a kankare ta sama a kwashe a zuba mai tsabta, Bagega ma sai 2013 aka samu aka share ta. Gubar ta bambanta da tamu amma hanyar shigarta jikin yaro ɗaya ce, ƙura da ƙasa.

Kwasar kanta sun yi ta da tsari. Rufin tsohuwar rumfar kamfanin fatar na asbestos ne, irin rufin nan da ƙurarsa ke da illa in an shaƙa, sai da suka jiƙa shi da ruwa suka kwance ɗaya bayan ɗaya ba fasawa, tankar ruwa tana bin eskabeta tana yayyafi saboda lokacin hunturu ne iska tana kai ƙura gidajen maƙwabta. Bayan sun kwashe sun sake gwada gindin ramin da gefensa kafin su shimfiɗa wani yadi mai kalar lemo su zuba sabuwar ƙasa a kai, duk wanda ya zo haƙa nan gaba ya ci karo da yadin ya san ya tsaya. Ita ma sabuwar ƙasar sai da suka ɗora mata na'ura.

To yanzu ƙorafi, kuma babba ne. Maganar inda ƙasar da aka kwashe take zuwa sun yi sakaci da ita ƙwarai. Su dai sun ba da kwangilar ɗauka ga masu tifa suka ce akwai wurin zubarwa da aka amince, shikenan, ba mai bin mota ba takardar shaidar an sauke. Kowa ya san direban tifa in ya samu mai neman ciko a hanya sayarwa zai yi, kuma sai da wani a kwamitinmu ya tarar da ana cinikin lodi ɗaya da mai cike kududdufi a bayan gidansa. Raina ya ɓaci sosai, don in haka ne ai ba sharewa muka yi ba, mun kwashe guba daga ƙofarmu mun kai ƙofar wani talaka da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da muka tsaya kai da fata suka gyara, kowace mota aka sa mata lamba da mai rakiya da takardar da za a sa wa hannu a can, amma wannan abu ne da ya kamata su zo da shi tun ranar farko ba sai mai biyan kuɗi ya yi faɗa ba.

Leburorin ma ba a kula da su yadda ya dace, an raba musu takunkumi da safar hannu amma rana na yin zafi sai su cire, na ga wani yana cin gurasa hannunsa duk laka, kuma ba wanda ya tsawata. Rahoton ƙarshe kuma Turanci ne zalla cike da lambobi, sai da muka roƙi Injiniya ya zo ya yi wa membobi da maƙwabta bayani da Hausa a ƙofar mai unguwa, ya zo kuma ya yi ƙoƙari, ya amsa tambayoyi har bayan la'asar.

Abin da mutanenmu ba su ji daɗinsa ba a rahoton shi ne hana haƙa rijiya, don gwajin ruwan ƙasa na kusa bai fito da kyau ba. Sun ce borehol guda mai zurfi a can nesa da ramin, a rufe gefensa da siminti, a riƙa gwada ruwan lokaci-lokaci, kuma a rubuta sharaɗin cikin takardar kowane fuloti don wanda zai saya daga baya ya sani. Kuɗi kam sun ci, sai da kowane memba ya ƙara a kan abin da ya biya tun farko, kuma aikin ya wuce lokacin da suka ɗauka saboda jiran sakamakon lab.

A gwaji da haƙa zan ba su takwas cikin goma, a zubarwa da kula da leburori huɗu ma da ƙyar. Zan iya sake ɗaukarsu, amma kafin a sa hannu sai an rubuta sunan wurin zubarwa a cikin yarjejeniya, mun je mun gan shi da idonmu, kuma ba za a biya kason ƙarshe ba sai takardun sauke kaya sun yi daidai da yawan motocin da suka fita.