Wata takwas da manhajar bin sawun kayan tarihi: abin da na gani

Takobi guda ne ya sa muka nemi manhajar nan. Wani ɗalibi daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya zo zai auna shi don bincikensa, rajista ta ce yana sito na 2, kanta ta 3, muka je babu shi. Kwana biyu muna birkita sito, sai da Baba, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya dawo daga ƙauye ya ce ai tun baje kolin bara aka fitar da shi, da aka tashi aka sa shi cikin akwatin sulke. Ba wanda ya sata, ba kuma wanda ya rubuta.

Namu ƙaramin gidan adana kayan tarihi ne a cikin garin Sakkwato. Ba mu kama ƙafar Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ba, amma muna da abin da ya isa ya ɓace: takubba, masu, lifidi, kwalkwali, tambura, kayan jar fata, ga kuma rubutattun littattafan Larabci da ajami cikin gafakoki.

Aikin manhajar ba wuya. Kowane abu yana da lambarsa mai kashi uku: shekarar da ya shigo, rukunin da ya zo ciki, sai matsayinsa a rukunin. Ana buga lambar QR a ɗan kati a ɗaura masa da zaren auduga, don ba a liƙa wa kayan tarihi gam. Kowace kanta da kowane akwati su ma da tasu lambar. In za ka ɗauki abu, ka haska katinsa da waya, ka haska lambar inda ka kai shi, ka zaɓi dalili: nuni, gyara, hoto ko aro. Na yi dariya ranar da na gano cewa wani kamfanin Japan ne ya ƙirƙiro lambar QR a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta. Yau ga ta rataye a wuyan tambari.

Abin da ya fi burge ni shi ne ta raba mazaunin abu na dindindin da inda yake a yanzu, kamar yadda Spectrum, ƙa'idar kula da kayan gidajen tarihi ta Birtaniya, ta tanada. A rajistar takarda, in abu ya tashi sai a soke tsohon wuri a rubuta sabo a sama, bayan sau uku layin ya koma kamar tonon kaza. Nan kuwa ba a goge komai. Za ka ga wa ya ɗauka, yaushe, don me, da duk inda abin ya taɓa kwana. Lokacin da muka tarar da ɓarnar ƙwari a wani lifidi, cikin minti kaɗan na fitar da jerin duk abin da ya taɓa zama akwati ɗaya da shi, muka ware su muka duba. Haka in ka matsar da akwati, duk abin da ke cikinsa yana binsa a lissafi. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar shigar da bayanai, wadda ta ci mana watanni uku.

Kada a ɗauka matsalar ɓacewar kaya ta talakawa ce kawai. A 2023 babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya bayyana cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko an sace ko sun lalace, da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, har shugabansa Hartwig Fischer ya ajiye aiki.

Sai dai wanda ya tsara manhajar bai san zafin Sakkwato ba. Katunan farko da aka kawo mana irin takardar rasit ɗin POS ne, wadda zafi ke fito da rubutunta. Afrilu na shigowa, zafi ya haura digiri 40, na kusa da rufin kwano suka dushe, waya ta ƙi karanta su. Dole muka sake bugawa da inji mai kintinkirin tawada, muka kuma rubuta lambar da hannu a bayan kowane kati. Ƙurar hunturu ma takan rufe lambobin da ke jikin kantoci, amma wannan tsumma ya ishe ta. Manhajar tana aiki ba intanet, sai dai in mutum biyu suka matsar da abu ɗaya kafin wayoyinsu su haɗu da rumbun da ke tara bayanan ta intanet, na ƙarshen haɗawa take gaskatawa, ko da shi ya fara ɗauka.

Inda ta gaza sosai shi ne littattafai. Ita a ganinta littafi abu guda ne. Namu kuwa ganyaye ne warwatse, ba ɗinki, abin da ke haɗa su kalmar da marubuci kan ajiye a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. Gafaka ɗaya tana iya ɗaukar littafi uku da wasiƙu a tsakani. In an zare ganye goma don hoto, manhajar ko dai ta ce duk littafin ya tafi, ko ta ce bai motsa ba. Yanzu da fensir muke lambar ganyayen, muna rubuta waɗanda suka fita a gurbin ƙarin bayani.

Baba bai yarda da ita ba da farko. "Ɗana," in ji shi, "wagga waya taka ta san gafakar da ta sha ruwa da wadda ba ta sha ba?" Ba ta sani ba, sai da muka zauna yana faɗa ina shigarwa. Har yau yakan ɗauki abu ya manta bai haska ba, ni ma na yi sau biyu. Saboda haka duk Alhamis muna zaɓen kaya goma da ka, mu je mu ga ko suna inda ta ce.

Gidan da kayansa ke yawan fita nuni ko aro, ina ba shi shawara ya saya, ya kuma nemi inji mai kintinkiri tun farko. Wanda yawancin ajiyarsa littattafai ne ya tambayi mai sayarwa yadda take lissafa ganye kafin ya biya. Takobin nan dai yana sito na 2, kanta ta 3, na haska shi da safiyar yau.