Wankakkiyar acha ta leda, ta ci kuɗinta kuwa?

Duk wadda ta taɓa auno acha a mudu ta san ba girkin ne wahala ba, regewar ce. Ƙwayar mitsi-mitsi ce, yashin da ke ciki ma girmansu ɗaya, sai ki zauna da ƙwarya biyu kina rege kina sauya ruwa har bayanki ya ƙage, kuma duk da haka a zo ci a ji ƙaras a haƙori. Shi ya sa da yawanmu muka haƙura da ita. To yanzu akwai ta leda, an surfe an wanke an busar, wata baiwar Allah ce a Jos take yi tana sakowa a mota zuwa Kano, ita nake amfani da ita kuma gaskiya a wajen tsafta ban da abin cewa. Ɗauraya ɗaya nake mata in ɗora, ban taɓa cin karo da tsakuwa ba.

Dalilin da ya sa na nemo ta, karin safen gidanmu ne ya yi nauyi da yawa, kullum shayi mai kauri da burodi da soyayyen dankali da ƙwai, ko indomi, kafin hantsi jiki ya mutu sai hamma. Kunun acha kuwa kafin yara su gama saka yunifom ya dahu, ki zuba ta a tafasasshen ruwa kina juyawa, ɗan citta da kanumfari, ki sauke ki sa kindirmo ko ruwan tsamiya. Ni dabino nake markaɗawa a ciki maimakon sukari. Ranar da nake da lokaci kuma fate nake yi irin na mutanen Filato, gwaten nan da yakuwa da alayyahu da gauta, mai cokali ɗaya ya isa tukunya guda wallahi.

Amma fa kunun shi kaɗai ba ya riƙe ciki. Maigida in ya sha shi zalla kafin azahar ya fara neman abin taɓawa, sai na koma haɗa masa da dafaffen ƙwai ko alala. Sannan masu cewa acha maganin ciwon suga ce, don Allah a yi hattara, hatsi ce ita ma, sitaci ne a cikinta, in kika cika faranti sugan zai hau. Mai ciwon ya bi awon da likitansa ya ba shi.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen taro. Kun dai san yadda sunanmu da walimarmu suke, jalof tana ninƙaya a mai, ga cincin ga dubulan ga alkaki, a ɗora miki lemon kwalba a kai, kuma in kika ce a'a a ce kina yanga ko kin raina abincin mutane. Robar lemo ɗaya ta 50cl sukarin cikinta ya kai wajen giram 50, wanda kusan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda, ba a ma zo kan alkakin ba. Da aka yi sunan ɗiyar ƙanwata sai na ce ni dambu zan kawo, na turara achar nan a madambaci da zogale da albasa da attaruhu da dakakken ƙuli, man gyaɗa kaɗan don ya haɗe jikinsa, na haɗo da zoɓo mai abarba da citta ba sukari sosai. Iyayenmu mata su suka fara buɗe kular, wata gwaggonmu mai hawan jini har aike ta yi a ƙaro mata, don ita dama taro yunwa take kwasowa a cikinsa, komai gishiri da magi sun yi mata yawa. Yara dai jalof ɗinsu suka bi, wannan kam ba yadda za a yi da su.

Abin da zan soka shi ne kuɗi. Ta fi ta mudu tsada nesa ba kusa ba, ga kuɗin mota a kai, in taron mutum ɗari za ki yi sai dai ki yi kula ɗaya ta manya, sauran a ci shinkafa. Ita achar dama can ba ta arha, a Filato da kudancin Bauchi da kudancin Kaduna aka fi nomanta, yawanci da hannu ake yanka a sussuke a surfe, to kin ga dole ta yi kuɗi. Sai dai tana auki, gwangwani ɗaya ya ishe mu kunun safe mu duka.

Ledar ma ba ta da zif, kuma ba a rubuta ranar da aka ɗura ba, na faɗa wa mai yin ta ce za ta gyara. Kafin nan in kin buɗe ki juye a roba mai murfi ki ajiye inda ba danshi, musamman in damina ta kama.