Sammako ko La'asar: Ɗaukar Hoton Shingayen Ingila a Lokacin Kaka

Mai son ɗaukar hoton shingayen itatuwa da suka raba gonakin Ingila a watan Oktoba zai zaɓi ko dai sammako ko la'asar. A ganina sammako ya fi dacewa da ƙananan abubuwa, domin iska takan kwanta, raɓa kuma tana maƙale a saƙar gizo-gizo da jajayen 'ya'yan itatuwa masu ƙaya, sai mutum ya matsa kusa ba tare da reshe ya motsa ba. Sai dai hasken ba shi da ƙarfi, dole a kafe kyamara kan mariƙi mai ƙafa uku. Hasken la'asar yana fito da ja da rawayar ganye sosai, amma raɓa ta riga ta bushe, kuma a ƙarshen watan rana takan faɗi kafin ƙarfe 5.