Layin umarni na saman allo, kamar yadda na same shi a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran shago, ga amsar tambayarka a kan ko ya dace ka sayi kwamfutocin Apple na hannu ka zuba a shagonka na Tudun Wada.

A wurin buga takardu da nake aiki a nan Mancesta da su muke aiki, kuma abin da ya fara ba ni wahala shi ne wurin da suka ajiye jerin umarni. A Windows da muka saba da ita a Kaduna, kowace taga, wato akwatin da manhaja ke buɗewa a allo, tana ɗauke da umarninta irin su File da Edit a goshinta. A Mac kuwa, wato kwamfutar Apple, layi ɗaya ne tak a ƙololuwar allo, kalmominsa suna sauyawa gwargwadon manhajar da kake ciki, kuma haka tsarin yake tun Macintosh ta farko ta 1984.

Amfaninsa a hannu ake jin sa. Kibiyar nuni ba ta iya wuce bakin allo, saboda haka sai ka tura linzamin kwamfuta (mouse) sama da ƙarfi ba tare da aunawa ba, ta tsaya daidai kan layin. Wani masani, Paul Fitts, ya nuna tun 1954 cewa saurin cimma abu ya danganta da nisansa da girmansa, kuma kan ƙaramar kwamfutar cinya na tabbatar da hakan da hannuna.

Sai dai allon Macintosh ta farko inci 9 ne, wanda ke gabana a wurin aiki kuwa inci 27. Idan taga tana can ƙasa a kusurwar dama, sai hannu ya yi doguwar tafiya kafin ya kai ga umarni, ya sake dawowa. Abin da ya fi damuna ma shi ne ruɗani: a makona na farko idona yana kan takardar wani mai biki, ashe layin na sama na wata manhaja ne da na taɓa ban lura ba, na ba da umarnin bugawa, injin ya fitar da abin da ba shi ake nema ba. Haka kuma, a yawancin manhajoji, danna jan ɗigon da ke kusurwar sama ta taga, tagar kawai yake rufewa, manhajar tana nan a kunne. Ubuntu ma, wata manhajar gudanar da kwamfuta irin Windows, ta ɗauki irin wannan layi a 2011, ta ajiye shi a 2017.

Yaranka da ke koyon aiki Windows za su tarar a ofisoshi da wurin jarrabawar JAMB, don haka shawarata ka bar su a kanta. Idan da hali ka sayi Mac guda ɗaya ƙarama domin zanen katin biki da kake yi da kanka, kuma ka saba wa idonka duba sunan manhaja da ke kusa da tambarin tuffa kafin ka danna komai.